Garken da Haula Ta Raba a Kan Allo

Ƙanwata Haula malamar lissafi ce a wata kwaleji a nan Dakoro, ni kuwa ɗinki nake yi, kuma gida ɗaya muke zaune. Sunana Dela. Ni na goye ta tana jaririya, har yau in ta ba ni haushi sai in tuna mata da haka, ko da yake bai taɓa hana ta yin abin da ta yi niyya ba. Mutanen gari Madam suke ce mata. Ni Haula nake ce mata, sai in raina ya ɓaci ne nake kiranta Madam, ita ma ta san bambancin.

A Ɗan Gulbi aka haife mu. Babanmu Malam Badaru manomin gero ne, mutum mai son a yi komai a fili. In kaka ta yi aka kawo amfanin gona, sai ya tsaya a bakin rumbu yana ƙidaya dami da ƙarfi, duk na goma ya sa a ware shi gefe na zakka. Maƙwabta na ji, masu wucewa na ji, wasu ma su tsaya su taya shi. A gidanmu ƙidaya ba abin ɓoyewa ba ce, kusan ibada ce, don da ita ake fitar da hakkin Allah. Tun Haula ba ta kai tsayin dami ba ta karɓe wannan aiki daga hannunsa, kuma ba ta yarda kowa ya gyara mata.

Ni a firamare na tsaya, boko bai karɓe ni ba, ni ma ban matsa masa ba. Ita ta wuce Maraɗi, ta wuce Yamai, ta dawo da takardar koyarwa. Ta auri Amani, ma'aikacin asibiti, mutumin kirki mai yawan dariya. Ba su daɗe ba ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa, kuma ba su samu haihuwa ba. Lokacin nawa auren ya riga ya mutu, ina Dakoro da keken ɗinkina, sai ta nemi a maido ta nan. Da ta fita takaba ba ta ƙara sauraron maganar aure ba. Abu biyu ta sa a gaba, makaranta da awaki. Awakin kuwa suna ne nata. Ita ta saya, amma ni nake neman harawa da dusa, ni nake korarsu in sun kama cin yadin mutane.

A duk darussanta akwai wanda ta fi so, na 'yan aji biyu, inda ake warware lamba har a kai ga asalinta. Na iya shi ba don ina so ba, sai don ta sha zana mini shi a ƙasan tsakar gida ina aikina. Za ka rubuta lamba, ka ja layi a tsaye kusa da ita. Sai ka nemi ƙaramar lambar da za ta raba ta ba saura, ban da ɗaya, ka rubuta ta a dama, abin da ya fito ka rubuta a hagu, ka ci gaba. Sittin ka raba biyu, talatin. Ka sake rabawa biyu, sha biyar. Biyu ta ƙi, sai ka koma uku, ta ba ka biyar. Biyar kuwa babu mai raba ta sai ita kanta, daga nan ka sauka a kan ɗaya, aiki ya ƙare. Waɗanda suka taru a dama, biyu da biyu da uku da biyar, in ka ninka su da juna sittin ɗinka za ta dawo. Irin waɗannan lambobi da ba sa rabuwa suna da sunansu na faransanci, amma Haula masu taurin kai take ce musu. Na ce mata ashe dangi ta samu.

Ajinta kashi biyu ne, 'ya'yan manoma da 'ya'yan makiyaya waɗanda ake kawowa gari a ajiye wurin dangi. Cikin na biyun akwai Raudatu, 'yar wani Buzu mai suna Intalla daga wajen Tagris, tana zaune wurin gwaggonta a unguwarmu. Ita ce mace ta farko daga zangonsu da ta kai kwaleji. Yarinya ce marar surutu, amma in aka zo lissafi kafin Haula ta gama rubuta tambaya ta ga amsa. Kusan kullum da yamma tana gidanmu, su biyun sun sunkuya a kan tabarma. Haula ta ce yarinyar nan za ta je inda ita ba ta je ba. Ni na ga abin da ya fi haka. Na ga macen da ba ta haifa ba ta samu inda za ta ajiye zuciyarta, na yi mata murna, na kuma ji tsoro.

Da za a tafi hutun tsakiyar shekara, sai Haula ta ba su aikin gida. Ta ce kowa ya ƙidayo wani abu na gidansu, ya kawo lambar a warware ta a aji. 'Ya'yan manoma su ƙidayo dami, 'ya'yan makiyaya su ƙidayo dabbobi. A ganinta ta raba aiki daidai, kowa da dukiyar gidansu.

Ta san ba a tambayar makiyayi yawan dabbobinsa, duk wanda ya zauna Dakoro ya san wannan. Sai dai ita ta ɗauka wayon ciniki ne da tsoron haraji irin na da, abin da bai shafi allon makaranta ba. Ba ta san zurfin abin ba. Makiyayi ba ya ƙidaya garkensa ko a zuciyarsa, da ido yake sanin wadda ta ɓata. A wurinsu kiran adadin da baki buɗe wa kambun baka ƙofa ne, wanda ya yi maka haka kuwa bai so ka da alheri ba.

Da aka dawo hutu 'ya'yan manoma suka zo da lambobinsu suna rige-rige. 'Ya'yan makiyaya kuwa wannan ya ce ya manta, wancan ya ce dabbobinsu sun yi nisa. Haula ta yi musu faɗa, ta ce lalaci ne. Raudatu ce kaɗai ta ɗaga hannu. Ba ta iya jure a ce Madam ta sa aiki ba ta yi ba, don haka ta laɓe a bakin rijiya lokacin shayarwa ta ƙidaya tumaki da awakin babanta ba da saninsa ba. Tamanin da huɗu. Haula ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe, ta ja layinta. Aka raba biyu, arba'in da biyu. Aka sake, ashirin da ɗaya. Aka raba uku, bakwai. Aka raba bakwai, ɗaya. Rabin ajin ya yi tsit, ita kuwa ta ɗauka natsuwa ce. Ran nan cike da murna ta dawo gida, har ta sayo mana tsire.

Yara ba sa riƙe magana. Kafin kasuwa ta zagayo lambar ta isa kasuwar dabbobi, 'yan tsokana suka fara kiran Intalla mai tamanin da huɗu. Daminar da ta wuce kuwa ba ta yi kyau a arewa ba, ciyawa ta ƙare da wuri. Da bazara ta kama, fari ya faɗa wa makiyaya, dabbobi suka riƙa kwanciya ba sa tashi. Kowa ya yi asara, amma ta Intalla ta yi muni ƙwarai. Ɗansa Hamid, wanda shi ne mai kiwon, da ya ga abin da ya rage bai kai a tsaya a kansa ba, ya kama hanyar Aljeriya neman aiki.

Wata rana bayan la'asar ina ɗinki a rumfa sai aka yi sallama. Dogon dattijo ne ramamme, rawani ya rufe masa baki, Raudatu na bayansa kanta a ƙasa. Na shimfiɗa tabarma na kawo ruwa. Ya zauna, bai taɓa ruwan ba. Haula ta fito ta durƙusa ta gaishe shi.

Ya ce, "Ke ce Madam?"

"Ni ce, Baba."

"An ce mani kin sa ɗiyata ta ƙilga bisashena."

"Aikin lakwal ne, Baba, aikin makaranta. Kowa na sa, ba ita ɗaya ba."

"An ce kin rubuta su bisa allo gaban ɗiyan mutane. Kinka raba su biyu, kinka ƙara rabawa, kina ta rabawa har sunka koma guda. Haka anka yi?"

Na ga Haula tana neman ta inda za ta fara bayani. Wace irin magana za ta yi wa mutumin da ya ja gawar tumakinsa da hannunsa? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka anka yi, Baba."

"To, ki tahi ki gani. Abin da kinka rubuta ya kusa cika."

Ni zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Haba Baba, wa bai yi asara ba bana? Waɗanda ba a ƙilga nasu ba, nasu sun tsira ne?"

Ko kallona bai yi ba. Da Haula ya ci gaba da magana, a hankali, ba faɗa. "Ban ce ke kinka kashe su ba. Allah ke kashewa. Amma tun kakannina ba a taɓa kiran yawan garkenmu da baki ba sai da na kai ɗiya lakwal. Na ba ku ita ku koya mata karatu, kunka koya mata ta leƙa asirin ubanta ta kai kasuwa. Na zo in tahi da abata."

Ya tashi, Raudatu ta bi shi. Daga ranar ba ta sake shiga aji ba.

Na yi ta gaya wa Haula cewa camfi ne, fari ne ya ci dabbobin, ko jariri ya san haka. Ta ce, "Na sani, Yaya. Amma ni na sa ɗiya ta yi wa ubanta abin da shi ke gani cin amana. Ni na rubuta, ba hwari ba." Daraktan makaranta ya je ya yi magana, bai ci nasara ba. Gwaggon yarinyar ta yi nata, a banza. Haula ta rame, abinci sai na tsaya a kanta. Tana zuwa aji tana dawowa, amma zanen lissafi a tsakar gida ya tsaya, ni da nake ƙorafi a kansa sai ga ni ina kewarsa.

Intalla bai koma daji ba, don babu abin komawa da shi. Ya kafa bukkar tabarmi a bayan gari shi da matarsa da Raudatu. Ran kasuwa yana riƙe wa dillalai igiyar dabbobin wasu, yarinyar kuma tana yi wa matan gari surfe da daka. Haula takan bi ta can da gangan ta gaishe shi. Yana amsawa, amma idonsa na wani wuri. Haka aka ci damina.

Gero ya fara nuna lokacin da ta same ni da maganar habbanaye. Kalmar ta Fulani ce, amma a ƙasar nan kowa ya san ta. In makiyayi ya rasa dabbobinsa, sai wani ya ɗaura masa mace, akuya ko tunkiya ko saniya, ya riƙe ta har ta haihu sau biyu ko uku. 'Ya'yan nasa ne, uwar kuma ya mayar wa mai ita. Ba sadaka ba ce, zumunci ne ake ƙullawa, shi ya sa mutum ba ya ƙin karɓa sai in gaba ta yi tsanani. Haula ta ce za ta kai masa awakinmu. In ya karɓa, ya yafe ke nan, in ya yafe kuwa Raudatu za ta dawo makaranta.

Na ce, "Madam, wane awaki? Waɗanda na sha rana ina nemar wa harawa duk bazarar ga?"

Ta ce, "Su, Yaya."

"Duka?"

"Duka."

Ni 'yar manomi ce, ba na jin tsoron faɗi: awaki huɗu ne, duka mata, biyu da ciki. Na yi masifa ta ishe ni, ta bar ni na gama. Washegari da safe ni ce a gaba da igiya, ita a baya tana kora, muka ratsa gari mutane na kallonmu.

Mun tarar da Intalla zaune a bakin bukka yana gyaran wani tsohon guga. Haula ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, na kawo maka habbanaye."

Ya daɗe yana kallon awakin. Ya tashi ya zagaya su, ya buɗe bakin ɗaya ya duba haƙora, ya shafa cikin wata. Ya ce, "Kin san abin da kike yi, Madam?"

"Na sani, Baba."

"Wannan ba abin malaman lakwal ba ne."

"Ni ma ɗiyar mutane ce."

Sai ya karɓi igiyar daga hannuna, ya ɗaure su da kansa a jikin turke. Ya kira matarsa ya ce a kawo wa baƙi ruwa. A karon farko ya dubi Haula a ido. Da muka kama hanyar gida tafiya take kamar yarinya, har ta tsaya a kasuwa ta yanko yadin kayan makaranta, ta ce in ɗinka wa Raudatu sabo, don tsohon ya yi mata kaɗan. Na ɗinka, har da aljihu na sa mata.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe makaranta, da hantsi, muka ji kukan awaki a ƙofar gida. Muka fita. Intalla ne, ya sha sabon naɗi, matarsa a kan jaki tare da tabarmin bukka a naɗe. Bayansu ga ɗan garke, namu huɗu da wasu da yawa da ban sani ba, har da tumaki. Raudatu na tsaye a gefensu da sanda a hannu.

Ya ce, "Madam, na zo bankwana. Da anka ji malamar lakwal ta ɗaura mani bisashe, 'yan'uwana sunka ji kunya. Wanga ya kawo guda, wancan ya aiko da biyu. Ga shi kin gani. Ciyawa ta yi kyau arewa bana, za mu koma Tagris."

Haula ta ce, "Barka, Baba. Raudatu kuma sai ta zauna wurina, lakwal ta kusa buɗewa."

Ya girgiza kai. "Da ita za mu. Hamid har yau ba labari. Rijiyoyinmu zurhi gare su, mutum guda bai shayarwa. Sai wani ya kora jaki da igiya, wani ya tsaya bakin rijiya ya karɓi guga. Uwarta ba ta da ƙarhin wannan."

"A nemi yaro, Baba, ni zan ɗauki nauyinshi."

"Bisar habbanaye ba a ba ɗan haya. Amana ce, ta hi tawa daraja. Ko ni ko jinina." Ya gyara rawaninsa, ya ƙara da cewa, "Bari in gaya maki gaskiya, tunda yanzu ke tamu ce. Zaman garin ga ya karya ni. Na riga na ce ma uwarta, tunda babu abin kiwo, in lakwal ta buɗe ɗiyar ga ta koma, ko ta samu abin da za ta riƙe kanta da shi. Na haƙura ke nan. Sai ga ki da awaki. Kin maida ni mutum, Madam. Abin da ya wuce na yahe maki har ga Allah."

Godiya yake yi, da zuciya ɗaya, bai san abin da ya faɗa ba. Na matsa kusa da Haula na raɗa mata, "Ki ce a bar mana awakinmu." Ta girgiza kai ba ta dube ni ba. Ni ma na san ba zai yiwu ba. Wanda ya kwance habbanaye kafin haihuwa ya tuɓe mutum ne a gaban jama'a, kuma duk sauran da suka ba shi don Haula suka ba shi.

Haula ta dubi Raudatu. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta ce, "Madam, zan kula maki da su." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Intalla ya ce, "Saura abu guda. Mai bisa shi ke sa albarka kahin a kama hanya. Ki sa mana."

Ban taɓa jin tausayin ƙanwata kamar wannan lokaci ba, ko ranar da aka fita da gawar mijinta. Ta san duk ɗan akuyar da za a haifa ƙarin aiki ne a bakin rijiya, ta san in garken nan ya yi albarka yarinyar ta tafi ke nan. Kuma ga dattijo tsaye ya ɗaga tafin hannu yana jira, ga matarsa a kan jaki ita ma ta ɗaga nata.

Haula ta taka ta je cikin awakin. Ta ɗora hannu a bayan mai cikin nan da ta fi so. Muryarta ta fito sarai, irin wadda take magana da ita a aji.

"Allah ya sa su hayayyafa. Allah ya tsare su daga ciwo da hwari da ɓarawo. Allah ya cika maka garke, Baba, ya hi na da."

Intalla ya ce amin, matarsa ta ce amin. Raudatu ma ta ce amin, sannan ta ɗaga sanda ta juya kan awakin arewa.